Ranar da Tsohuwar Kaka Dakitilo Ta Ƙi Tashi

Duk wanda ya taɓa bi ta layinmu a Zango da hantsi ya san ƙarar nan. Ƙwas-ƙwas-ƙwas-ƙwas, sai kuma ɗau! Ƙwas-ƙwas ɗin yatsun kakana ne, Malam Habu Dakitilo, yana dukan haruffa kamar sun ci masa amana. Ɗau ɗin kuwa mari ne. Shekara talatin ya yi yana buga takardu da keken rubutu a biro, wato ofis, kafin ya ajiye aiki ya buɗe shagonsa, kuma keken nan in an kai ƙarshen layi sai an ture kansa da hannun hagu. To, keke ya tafi, ordinater, wato kwamfuta, ta zo, amma hannun bai samu labari ba. Da ya kai ƙarshen layi sai ya kai wa ekiran, wato allon na'urar, mari a kunnen hagu.

Wata rana na ce masa, "Kaka, ita wannan da kanta take sauka layi fa."

Ya ce, "Na gani. Ai don ta san abin da ke jiran ta ne."

Ni ce Nana, jikarsa ta wajen ɗiya, wadda aka tura Yamai ta koyo gyaran ordinater ta dawo. Ku da kuka san mu kun san ba ma raga wa juna. Yana ce mini Madam Turnabis, wato mai abin kwance noti, ina ce masa tsoho mai taurin kai, kuma ba wanda ya yi wa wani ƙarya a cikinmu.

Ita na'urar bai taɓa ce mata ordinater ba, balle kwamfuta. Tsohuwa yake ce mata. Kuma wallahi ta ci sunanta. In ya kunna ta da safe, sai ya hura gawayi, ya dafa shayi, ya sha na fari, kafin ta gama buɗe ido. In mai kawo aiki ya gaji da jira ya fara tsaki, sai Kaka ya ce, "Kai da ka farka yau, nan take ka miƙe?"

Tsimi kuwa, Allah ya jiƙan maza, ban ga na biyunsa ba. Injin buga takarda zai ce tawada ta ƙare, shi kuma ya ce ƙarya yake yi. Ya ciro kwalbar ya girgiza, ya shanya ta a rana, ya mayar, ya ce, "Tana da sauran rai." Akwai wani bawan Allah da ya zo daga Gaffati a buga masa takardar neman aikin gadi. Takarda ta fito fari fat, sai ka karkata ta wajen haske kake ganin inuwar rubutu. Mutumin ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce, "Malam, ai ba a ganin komai." Kaka bai ko ɗaga kai ba. Ya miƙa masa bik, alƙalamin rubutu, ya ce, "Ga sahu nan an yi maka. Bi." Mutumin ya zauna a benci ya bi sahun har ƙasa. Da ya samu aikin ya dawo da goro, Kaka ya riƙa ba da labarin wata guda, wai an ɗauke shi ne don an ga mutum ne mai haƙuri.

Amma ba takardun mutane ne suka sa nake wannan rubutu ba. A cikin Tsohuwa akwai littafinsa.

Shekara goma sha ɗaya Kaka yana bin tsofaffin Zango, waɗanda suka yi ayari da ƙafarsu ko suka ji daga bakin iyayensu. Wace rijiya ake kwana, wane madugu ne ya ɓata hanya ya ƙi faɗa, yaya ake ɗaure gishiri a kan raƙumi, wa ya tafi bai dawo ba. Yana zaune gabansu yana rubutawa a bayan takardun da suka lalace a shago, ya dawo ya buga. Da ya buga shafi, sai takardar ta tafi wajen mai ƙosai ta bakin layi, don a wajen Kaka takardar da ta gama aikinta zama ba nata ba ne. Mutanen unguwar nan sun ci ƙosai a cikin tarihin kakanninsu ba su sani ba. Tsofaffin kuwa ɗaya bayan ɗaya duk sun rasu. Bai fitar da littafin a takarda ba, wai tawada, sai an gama gaba ɗaya. Na kawo masa kile, wato filashi, in kwafe, ya ce, "Wannan ɗan abin da ake ratayawa da makullin babur? Littafina ba ya yawo a aljihu." Saboda haka duk duniya kwafi ɗaya ne, yana cikin ma'ajiyar na'urar, wani tsohon diski da ya girmi wasu yaran gidanmu. Babi biyu suka rage masa.

Sannan ga ido. Likita ya riga ya gaya wa mahaifiyata hawan jinin ido ne, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Duk gida mun sani. Shi ma an gaya masa, ya ce likitan yaro ne. In ya kasa karanta layi sai ya ce, "Ekiran ɗin nan ya yi hazo. Tsohuwa ta daina turo haske." Ba wanda ya iya ce masa a'a a fuska, har ni mai baki.

Wata bazara sai Tsohuwa ta fara sumewa tsakiyar aiki. Sau uku a kunna, sau ɗaya ta tashi. Na ce a sayi sabuwa. Kai, kamar na ce a sayar da gidan gado! Kwana huɗu muna ja, daga ƙarshe muka tsaya a tsakiya: akwatin ƙarfen yana nan, tsohon diski yana nan, amma a canja kayan ciki. Ya ce, "Jiki ya zauna, a taɓa hanji kaɗai." Na sa wani ɗan kasuwa ya taho mini da kaya daga Kano: kart-mer, wato babban faifan nan da komai ke manne a jikinsa, da sabuwar ƙwaƙwalwa, da baret biyu, ƴan sandunan da ke riƙe aiki in tana kunne, da sabon diski, da wani ekiran mai faɗi. Alim kuwa, ɗan akwatin da ke raba wa kowa wuta, Kaka ya dafe shi da hannu ya ce wannan ba inda za shi.

Ranar Alhamis na haɗa. Yana zaune a kaina yana ƙirga notina, kada in ɓatar da ko ɗaya. Ga maƙwabcinsa Malam Issa Tela ya baro kekensa ya zo kallo. Na ɗaura kart-mer a kan ƴan ƙafafunta na ƙarfe, na jona komai, har da tsohon diski. Nan ne laifina, kuma ba zan ɓoye ba. Wanda ya san aikinsa ba ya jona diski irin wannan sai ya ga sabon kaya ya tashi lafiya. Ni kuwa ɗoki ya ɗebe ni, ina so in danna sau ɗaya ya ga littafinsa, ya san Yamai ba yawo na je ba. Ina miƙa hannu zan danna, aka ɗauke wuta. Na jira har la'asar ba ta dawo ba, na bar akwatin a buɗe na koma wajen aiki.

Juma'a da safe wuta ta zo. Na yi bismilla na danna. Fanka ta juya rabin juyi, ta tsaya. Shiru. Na sake dannawa, rabin juyi, shiru. Ekiran baƙi ƙirin.

Kaka ya ce, "Baƙunta ce. Ba ta saba da mu ba."

Na danna ya fi sau goma kafin hankalina ya dawo na tuna da diski. Na cire wayarsa. In wata muguwar wuta ce ke yawo a ciki, to sau goma ke nan na aika masa ita. Na ce, "Kaka, ba ni diskin nan in kai biro in gwada shi a wata na'ura." Ya ce ko bakin ƙofa ba zai leƙa ba. Ban matsa ba, don gaskiya ni ma tsoron abin da zan gani nake yi.

Na bi abin daki-daki yadda aka koya mana. Na cire baret duka biyu, na goge, na mayar da ɗaya. Shiru. Na canja ta da ƴar'uwarta, na canja rami. Shiru. Na ciro ƴar pil ɗin nan, ƙaramin batir mai kama da dala biyar, na jira, na mayar. Na bi wayoyin maɓallin kunnawa ɗaya-ɗaya, ko na soka su ba daidai ba. Duk daidai suke. Na juyo na ce, "Kaka, bayan tafiyata ka kwance wani abu?"

Ya ce, "Ni? Me na sani a aikinku na Yamai? Ko noti ban kwance ba."

Malam Issa Tela ya yi tari, ya ce zarensa ya ƙare, ya fita.

Asabar na zo da ƙarfina, don na gano mai laifi: tsohon alim ɗin da ya hana a canja. Na aro sabo fil, na hau kabu-kabu na kawo shi a cinya. Tun daga ƙofa nake cewa, "Yau za ka ga abin da rowa ta ja maka." Na cire nasa na jona sabon, na danna ina kallon idonsa. Rabin juyi. Shiru.

Wayyo, ranar na sha dariya! Ya ɗauki tsohon alim ɗinsa ya goge shi da bakin riga, ya ce masa, "Yi haƙuri, an yi maka ƙazafi." Sannan ya ce da ni, "Madam Turnabis, takardar da suka ba ki a Yamai, in ba ta da aiki mai ƙosai tana nema."

Na yi dariyar dole. Da azahar na fita in sha iska, na dawo na tarar da shi ya ɗauki diskin ya kara a kunne, kamar mai sauraron rediyo. Da ya ji motsina ya ajiye da sauri. Ya ce, "Nana, a cikin nan akwai muryar mutum goma sha tara. Ba wanda zan koma in tambaya." Tausayinsa ya kama ni, da haushin kaina.

Lahadi na yanke shawara: kart-mer ce ta zo a mace, in ciro ta in mayar wa ɗan kasuwa. Kafin nan zan gwada ta a waje, a kan kwali, ita kaɗai. Ina ɗora turnabis a kan noti na farko Kaka ya ce, "A'a, bar ta! An riga an zaunar da ita."

"Kaka, sai na ɗaga ta."

"Ki yi gwajinki a yadda take mana."

Malam Issa Tela, da ya shigo gaisuwa, ya fara ja da baya wajen ƙofa. Nan jikina ya ba ni. Na kwance noti shida, na ɗaga faifan.

Jama'a, me zan gani? Jar fata, an yanke ta daidai wa daida, an zura ta ƙarƙashin kart-mer ta gefe har ta ɓace. Fata mai laushi, irin aikin dukawan da, an yi mata ado da ƙananan ƙusoshin tagulla jere-jere.

Na ce, "Kaka, mene ne wannan?"

"Fata ce."

"Na ga fata ce! Wa ya sa ta?"

Ya gyara zama ya ce, "Ke kika tafi kika bar baiwar Allah a tsaye kan ƙafafu shida, ba komai ƙarƙashinta sai ƙarfe tsirara. Daga Kano fa ta taso. A gidanku haka ake sauke baƙo, ba shimfiɗa?"

"Kwana uku! Kwana uku ina shan wahala, na tambaye ka!"

"Kin tambaye ni ko na kwance. Ban kwance ba. Zurawa na yi."

Daga bakin ƙofa Malam Issa Tela ya ce, "Ni dai almakashi kawai na ara masa."

Na dafe kai. Na yi masa bayani da ƙarfi, har masu wucewa suna leƙowa: tagulla tana ɗaukar wuta, bayan faifan nan cike yake da ƴan tsinaye, ƙusoshinsa sun haɗa waɗanda bai kamata su haɗu ba, shi ya sa alim ke yanke wuta da an danna, don kada komai ya ƙone. Ratar da ya gani ya tausaya mata, da gangan aka bar ta.

Ya saurara har na gama, ya jinjina kai ya ce, "Wato dai aikin Baba ya fi ƙarfinta."

Sai a lokacin na dubi fatar da kyau. Murfin jakar mahaifinsa ce, baduku, wadda ya ɗinka da hannunsa. Jakar nan tana cikin adakar Kaka tun kafin a haifi mahaifiyata, ko taɓa ta ba a bari mu yi. Mutumin da ke shanya kwalbar tawada a rana shi ne ya sa almakashi ya yanka ta, don baƙuwar da za ta riƙe masa littafi ta ji daɗin zama. Faɗan da ke bakina ya koma ciki.

Na ɗora faifan a kan kwali, na jona tsohon alim ɗinsa, na kunna. Fanka ta juya, ta ci gaba da juyawa. Ɗin! Rubutu ya fito a ekiran. Malam Issa ya yi kabbara kamar an ga wata. Kaka ya ce, "Da wane alim?" Na ce da nasa. Ya ce a maimaita, Issa bai ji ba.

Na mayar da ita cikin akwati, ba shimfiɗa. Na zuba mata tsarin aiki a sabon diski, abin da ya ci mana har bayan azahar. Saura abu ɗaya. Na ɗauki tsohon diski na jona. Wallahi ban taɓa jin tsoron danna maɓalli irin na ranar ba. Ya yi ƙara ƙir-ƙir, ya yi shiru, ya sake. Sai ga shi ya bayyana. Na shiga, na nemo inda ya rubuta AYARI da manyan baƙaƙe, na buɗe. Yana nan, tun daga bismilla har inda ya tsaya. Kafin ya ce uffan na zaro kile daga jakata na soka na kwafe. Ya ji ƙarar sokawar sarai, amma ya juya kai wajen titi.

Na ce, "Bismilla, ga littafinka a sabon ekiran."

Ya jawo kujera ya zauna. Ekiran mai faɗi, fari tas, baƙaƙe kamar an zana su da alƙalami. Ya matso. Ya ƙara matsowa har hancinsa ya kusa taɓawa.

"Ƙara musu girma."

Na ƙara.

"Ƙara."

Na ƙara, na ƙara haske har ƙarshe.

"Ƙara dai."

Na yi ta ƙarawa har ya zama kalma uku ce ta cika ekiran ɗin gaba ɗaya. Malam Issa daga bakin ƙofa yana iya karantawa. Kaka ya daɗe yana kallo, ya karkata kai dama, ya karkata hagu. Sannan ya koma da baya ya jingina, ya ɗora hannuwa a gwiwa.

Ya ce, "Nana, ashe ba Tsohuwa ba ce."

Hawaye ne suka zubo mini, ina ta godiya ga Allah da Kaka ba ya ganin su, ina kuma jin kunyar wannan godiyar.

Ya miƙe tsaye, ya laluba ya kama kafaɗata, ya zaunar da ni a kujerarsa. Shi ya koma bencin masu kawo aiki. Ya ce, "Kukan ya isa, ina jin hancinki. Karanta mini layin ƙarshe." Na karanta. Ayari ya sauka a wata rijiya, an tarar ta ƙafe. Ya ce, "Yawwa. Rubuta." Ya fara faɗa daga ka, ina bugawa.

Wata biyar muka yi a kan babi biyun nan, kullum bayan na taso daga aiki zuwa magariba. Mun yi faɗa ya fi a ƙirga, don sai na karanta masa kowane layi sau biyu, har waƙafi sai ya tambaya. Ran da muka gama na sayi tawada sabuwa da kuɗina na fitar da shi duka. Na ɗora masa a cinya. Ya auna nauyinsa da hannu biyu, ya shinshina, ya shafa shafin farko, ya juya ya shafa bayansa. Ya ce, "Gefe ɗaya kika buga? Kai, Nana, ba za ki yi arziki ba." Amma bai bari an karɓe shi daga cinyarsa ba sai da aka kira salla.

Damina ta gaba ya rasu, bai ga ko harafi ɗaya na littafinsa a takarda ba. Ni nake karanta wa jikokin mutum goma sha taran nan in sun zo, kuma suna zuwa.

Allah ya jiƙan Kaka Habu, ya yafe masa, ya sa abin da ya tsare wa mutane ya tsaya masa. Hasken da ya nema a gaban ekiran bai samu ba, ya Allah ka cika masa kabarinsa da shi. Amin.